Kawu Ba Ya Shan Ruwan Gidan da Yake Bincike

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallacin layinsu a Fagge bayan sallar asubar Juma'a, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi kaɗai ya rage mana a ɗakinsu.

Na je gidajen makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa zama a irin wannan ba. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ta ce, "Ya haƙuri?" A amsa mata. Ta yi addu'a, a shafa. Maimakon ta tashi sai ta matso, ta rage murya: "Bai ce komai ba kafin ya cika?" Inna ta girgiza kai. Ta bayanta ma haka. Wata Hajiya da ban taɓa ganin ƙafarta a gidan ba ta ja ni gefen rijiya tana tambaya ko Kawu yakan yi min hirar mutane. A waje kuma an ce wani Alhaji da ya yi shekaru ba ya amsa sallamar Kawu shi ya riga kowa zama a tabarma, bai tashi ba sai da aka kira sallar Juma'a. Wasu kuka suke yi na gaskiya. Wasu kuwa, Allah ya yafe min zato, ajiyar zuciya na ji suna yi.

Ban ga laifinsu sosai ba, don ni ma ina da tawa tambayar a ciki. Kawu ya rasu da maganar auren 'yata a bakinsa, bai kai ga furta ta ba.

Da la'asar aka ce mai kemis ɗin Sabon Gari yana son ya yi wa mata gaisuwa. Dattijo ne Ibo, abokin Kawu tun kafin a haife ni, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan cikin gari. Wan mijina marigayi, wanda yarana ke kira Baffa, shi ya rako shi soro, ni kuma na fito na karɓi gaisuwar a madadin Inna. Dattijon ya fara da Hausa, ya yi nisa, sai muryarsa ta karye ya koma Turanci. Ya ce a duk zamansa na Kano bai ga mutum *knowledgeable* kamar Kawu ba. Ya maimaita kalmar, ya share ido, ya fita.

Baffa ya dube ni. "Malama, me ya ce?"

Na ce, "Cewa ya yi masani ne, Yaya."

"Masani a kan me? Fiƙihu ko nahawu?"

"A kan mutane."

Ya ɗan yi murmushi ya gyara hularsa. "To, mu dai da Hausa sa-ido muke ce wa wannan. Allah ya jiƙansa."

Maganar ta tsaya min a rai. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata, kuma na sha rubuta wannan kalma a allo. Nakan ce wa ɗalibai kada su haɗa ta da *educated*, don ita wannan ta mai takardar makaranta ce. *Knowledgeable* kuwa ta wanda ya san abu ciki da bai ce, ko da bai taɓa zama a aji ba. Nakan ƙara musu da cewa yawanci ana faɗin a kan me mutum ya yi sanin, injin mota ne, magani ne, tarihi ne. Kalmar yabo ce, ba a zagi da ita. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, idan abin da mutum ya sani sirrin jama'a ne, shin yabon yana nan? Wanda ya san injin, injin ba ya jin tsoronsa. Kawu kuwa na ga yadda ake sauya hira idan ya doso majalisa.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a layin teloli, zare yake sayarwa da maɓalli da zif da shafi. Benci guda ne a ƙofa, kuma a kan bencin nan ya yi duk karatunsa. Yakan ce, "Tela yana sanin wanda ya rame kafin matarsa ta sani." Teloli na zuwa sayen zare su bar masa labari ba tare da sun san sun bari ba: wanda ya ba da ɗinkin angwanci a ɓoye, wanda ya kawo tsohuwar babbar riga a juya masa don sallah. Ba ya tambaya kai tsaye. Sai dai ya ce, "Ikon Allah," ya ci gaba da jera maɓallai a kwali, mai magana kuma ya yi ta zuba. Yana jin Yarabanci, yana taɓa Ibo, yana da Turancin kasuwa. Da yamma yakan tsallaka Sabon Gari ya zauna wajen mai kemis suna sauraron rediyo suna musu. Ta haka ya san gidajen ɓangarorin biyu, har da garuruwan da kakanninsu suka baro.

Shi ya sa binciken aure ya zama aikinsa. Duk wanda aka zo neman 'yarsa, ko ɗansa ya ga yarinya a gidan da ba a sani ba, wajen Kawu ake zuwa. Musulmi da Kirista duk sun sa shi, kuma ban taɓa jin ya karɓi ko goro a kai ba. Yana da ƙa'idodinsa. Ba ya tambayar maƙwabci, wai maƙwabci yana tsoron gobe, gara wanda ya tashi daga unguwar. Ba ya tambayar limami, wai liman bai san mutum sai da alwala ba. Babbar ƙa'idar kuwa, wadda kowa ya sani, ita ce ba ya cin komai ba ya shan komai a gidan da yake bincike. Ko ana zafin da kwalta ke narkewa, a kawo masa ruwan sanyi, zai ce, "Alhamdu lillahi," ya ture kofin gefe. "Ruwan gida yana ɗaure harshe," in ji shi. Surukata, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya idan muka saɓa sai ta ce min, "Ba ke ce 'yar gidan wanda ya ƙi ruwanmu ba?"

Idan ya gama, kalma ɗaya yake kawowa. Ko ya ce, "Bismillah," ko ya ce, "Ku haƙura." Dalili kuwa, ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

A kan haka suka yi faɗa da mahaifiyata. Wani ɗan kasuwa ya nemi ƙanwata, tana sonsa kamar ta mutu, Kawu ya je ya dawo ya ce a haƙura. Mahaifiyata ta tsare shi a tsakar gida.

"Yaya, me ya yi? Sata? Giya? Ciwo ne a danginsu?"

"Ku haƙura."

"'Yata ce fa! Ina da haƙƙin in sani."

"Shi ma ɗan wata ne," ya ce, ya sa takalminsa.

Azumin shekarar gaba ɗaya ba ta aika masa da kunu ba, shi kuma bai fasa zuwa gaishe ta ba, ya zauna a soro ya yi ta magana da bango. Ƙanwata ta auri wani, tana zaune lafiya, amma har yau ba ta huce ba. A wajen makokin ma ta ce min a kunne, "Ya tafi da dalilina." Shi wancan ɗan kasuwar yana nan da iyalinsa, ban taɓa jin wani abin kunya a kansa ba. Ko Kawu ya ga abin da ba mu gani ba, ko kuwa wani ya kitsa masa ƙarya ya hau, wallahi ban sani ba. Mutumin da ba ya faɗin dalili ba a iya kama shi da kuskure, wannan kuma ya daɗe yana damuna game da shi.

Amma akwai telan da ya ɗinka likkafaninsa, wanda ya fi kowa kuka a maƙabarta. Shi da bakinsa ya ba maza labari a tabarma, har ya iso mana ciki. Ya ce da ƙuruciya ya yi shaye-shaye, ya daina, ya koma Fagge inda ba a san shi ba. Da ya tashi aure aka sa Kawu bincike. Wata rana ya je sayen zif, Kawu ya miƙa masa, ya riƙe ɗaya gefen bai saki ba, ya ce, "Jibi zan je wajen surukanka. Ka riga ni." Ya kwana yana zufa, washegari ya je ya faɗa wa uban yarinyar komai da kansa. Da Kawu ya je, bismillah ya ce. Yanzu telan yana da jikoki.

To, ga tawa. 'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce, ta kawo wanda take so, Bayarabe Musulmi, gidansu na bakin Sabon Gari ta wajen kasuwa. A nan aka haifi ubansa, uwarsa ma haifaffiyar Fagge ce mai sayar da leshi, kowa Iya yake ce mata. Mahaifin yarinyar ya rasu, don haka Baffa ne waliyyi, shi kuwa tun da ya ji an ce Bayarabe ya ɗaure fuska. Na bi shi har gidansa a Rijiyar Lemo, na yi ta kewaye-kewaye, don 'yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa balle in tsaya ina roƙa mata miji. Ƙarshe ya ce, "Ki sa kawunki ya bincika. Idan ya ce bismillah, na ba da ita. Idan bai ce ba, kada a sake kawo min maganar." Ina jin ya tabbata a ransa Kawu haƙuri zai bayar.

Kawu ya karɓi aikin yana tsokanar yarinyar, irin wasan kaka da jika. "Wato ni za ki saki ki auri mai cin yaji? To, sai na ga abin da ya fi ni da shi." Ya ɗauki makonni yana abinsa, ba mu ji komai ba. Ranar Alhamis da yamma ya kira ni a waya ya ce, "Gobe bayan masallaci zan shigo, ki gaya wa Baffansu ya zo." Na ce, "Kawu, lafiya dai?" Ya ce, "Gobe dai." Goben ce ba ta same shi ba.

Tun ranar farko raɗe-raɗi ya fara, daga wajen masu wanke-wanke. Mai adaidaita sahun da ke ɗaukar Kawu ya faɗa wa wani cewa ranar Alhamis ya kai shi gidan Yarabawan, ya jira shi, ya ga ya fito yana goge baki yana zufa. Kafin magariba maganar ta zaga gida. Mutumin da ko ruwa ba ya sha, me ya kai shi cin abinci? Sun san ya gano wani abu. Sun matsa masa, sun zuba masa. Likita ya ce hawan jini ne, kuma mun tarar da kwalayen maganin da yake ɓoye wa Inna a shago, amma a gidan makoki wa yake jin likita? Ba wanda ya kai maganar kunnen Inna, saboda tausayi. Ni kuwa ta shige ni. Na zauna ina kallon 'yata tana raba ruwa idonta a kumbure, ina ce wa raina, idan fa gaskiya ne?

Iya ta zo ranar farko da babbar kula ta abinci, kamar yadda ake yi. Aka karɓa aka yi godiya aka ajiye a gindin bango, ba wanda ya buɗe. Washegari ta kawo wata, ita ma haka, daga baya aka zubar a ɓoye. Ina lura da ita duk zuwan da ta yi: ba ta iya haɗa ido da kowa. Na ce a raina, mai gaskiya ba ya haka.

Ranar sadakar uku ta sake zuwa da kula. Wannan karon ba ta zauna cikin mata ba, ta wuce har ƙofar ɗakin da Inna ke takaba, ta zube. Daidai lokacin Baffa ya yi sallama ya shigo yi wa Inna ban kwana, ya tsaya daga gefe yana jira.

"Hajiya, ki yafe min," in ji Iya, tana kuka. "Ni ban san yana da hawan jini ba. Wallahi da na sani da ban sa attaruhu haka ba, da gishirin ma na rage. Tun ranar ban yi barci ba."

Mata suka dubi juna. Inna ta ɗago kai a hankali.

"Me ya ci?"

"Amala da miyar ayoyo."

"Ke kika ba shi, ko shi ya tambaya?"

"Shi ya tambaya, Hajiya. Zuwansa na baya ko ruwa ya ƙi sha, har na shiga ɗaki na yi kuka, na ce ƙyamarmu yake. Ranar Alhamis kuwa yana zama ya ce, 'Iya, yau me aka dafa? Yunwa nake ji.' Na rasa inda zan sa kaina don murna. Ya cinye ya ce a ƙara."

Sai Inna ta yi dariya. Tun rasuwar ba a ga haƙorinta ba, ga shi tana dariya hawaye na zuba, har wasu suka zaci kanta ne ya taɓu.

"Ashe gidanku ne," ta ce. "Ya shigo ranar Alhamis yana zufa ya ce min, 'Ajiye tuwonki, na ci a waje.' Tun ina amarya, duk ranar da mutumin nan ya faɗi haka, na san an yi aure. Ba ya kai bismillah gidan kowa sai ya fara komawa gidan da ya ƙi wa ruwa ya roƙi abinci da bakinsa. Cewa yake ya ci mutuncin tukunyarsu, dole ya biya. Idan haƙuri zai bayar kuwa, nan yake dawowa ya ci nawa yana tsaki."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kowa tambayata yake ko ya bar wata magana. Wa zai ce maganar tuwo magana ce?"

Baffa ya yi gyaran murya. "Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Amma ni cewa na yi sai na ji daga bakinsa. Cin abinci ai ba shaida ba ne."

Inna ta dube shi, irin kallon da ake yi wa yaron da aka sani tun yana yawo ba wando. "Alhaji, lokacin da aka yi binciken ƙaninka a kan yarinyar nan," ta nuna ni, "ya ƙi ruwanku, mahaifiyarku ta riƙe abin har ta koma ga Allah. Amma ya koma ko bai koma ba? Dambu aka yi ranar, ya dawo yana ba ni labarin daɗinsa har na ji haushi. Ya ce wani saurayi mai sabon gemu ne ya zuba masa ruwan wanke hannu."

Hannun Baffa ya kai ga gemunsa, wanda yanzu ya yi fari fat.

"A miƙo min kular nan," in ji Inna.

Ba wadda ta motsa. Kwana da kwanaki ana faɗin abu ɗaya, ba a goge shi da dariyar tsohuwa guda. Na dubi matan, na dubi 'yata da ke tsaye a bakin madafa ta rufe baki da mayafi. A al'adarmu ba ni ce zan tashi ba. Uwa ba ta nuna zumuɗi a kan auren 'yar fari, sai a yi shekara ana yi da ita. Na tashi na ɗauko kular na ajiye a gaban Inna, na buɗe, na jawo buta na wanke hannu. Na riga ta kai loma.

Iya ba ta yi ƙarya ba a kan attaruhun. Ina ci ina tari, Inna na ci tana cewa, "Yo ba dole ya yi zufa ba." Ƙanwata, mai riƙon nan, ita ce ta uku da ta wanke hannu. Baffa ya juya zai fita, ya kai bakin soro ya tsaya, bai waiwayo ba ya ce, "A zuba min a kwano a kawo waje. Iya, ki ce wa maigidan ya same ni a Rijiyar Lemo bayan an yi bakwai."

Har yau ban daina tunanin maganar ƙanwata ba, kuma ba zan ce Kawu bai taɓa kuskure ba. Amma na ga abin da ya yi da saninsa. Mutanen da suka cika gidan nan da tsoro sun koma gidajensu asirinsu a rufe, don bai bar wa kowa ko ƙwayar zarra ba, har matar da ya yi rayuwa da ita. Ɗan sa-ido ba ya mutuwa da kayansa a ciki. Mai kemis ya zaɓi kalmarsa daidai, kuma idan na sake rubuta ta a allo na san wanda zan tuna.

Ya Allah, ga baƙonka nan ya iso. Ka rufa masa asiri yadda ya rufa na bayinka, ka yafe masa inda ya yi hukunci ya kuskure. Ya sha ƙishirwa a gidajen mutane don kada harshensa ya karkace. Ka shayar da shi daga Alkausara.